Shekarar da Ɓargon Ilu Ya Tsaya

Akwai maganar da kuka taso kuna ji a unguwarmu, har wasunku sun haddace ta kamar karatun allo. Wai babanku ƙarami Ilu ya yi ciwon da ya gagari likitocin Maradi, aka yi ta yawo da shi wata da watanni, sai da kakanku ya kafa masa ƙaho biyu a baya sannan ya miƙe. Ana ƙarawa da cewa ni Lawali ne na ja ragamar yawon, shi ya sa zabirar wanzancin gidanmu ta tsallake ni ta faɗa hannun ƙanena. Zabira kam ta tsallake ni, wannan babu ja. Sauran maganar kuwa na bar ta ta yi ta yawo shekara da shekaru ban tare ta ba. Da ban ji ɗayanku, ba zan kama suna ba, yana ba maƙwabcinsa shawarar ya kai 'yarsa mai baƙin tabo a jiki wurin ƙaho, yana kafa hujja da Ilu, da har na shiga kabari ban buɗe baki ba. To ga yadda abin ya faru, daga bakin wanda ya riƙe kaskon tarar jinin.

Gidanmu gidan wanzanci ne tun kaka da kakanni. Kakanku, wanda mu muke ce wa Baba, gajere ne mai manyan hannuwa, maganarsa ba ta da yawa, kuma in ya faɗi abu ba ya waiwayowa ya ga ko an ji. Aski, kaciya, cire beli, tsagar gado, duk yana yi, amma ƙaho ne ya fitar da sunansa. Daga ƙauyukan da ke kewaye da tafki ake zuwa, masu salla da masu bin tsafin kakanni, kowa ya tuɓe riga ya ba shi baya. Karatun da ya koya mana game da jini gajere ne. Jini kamar ruwan rijiya yake, in ya kwanta bai motsa ba sai ya mutu, kuma sai an kwashe mataccen sabo ke samun wurin tsattsafowa. Da wannan karatun aka ciyar da mu aka tufatar da mu, kuma na sha ganin manomi ya zo a sunkuye da ciwon baya ya koma yana waƙa. Kowane wanzami yana da gidajen da ya gada, inda shi ke askin suna da kaciyar yara, in kaka ta yi a auno masa hatsi. Ni ne babba, Baba ya riga ya sakar mini rabin gidajensa, kowa ya san inda zabira ta nufa. Ilu shi ne auta, saurayi a lokacin, hannunsa ya fi nawa taushi, bakinsa kuma ya fi askarsa kaifi. In yana yi wa tsoho aski sai ya sa shi dariya har tsohon ya roƙe shi ya yi shiru kar a yanke shi.

Shekarar da aka karya darajar sefa ce. Maganin farmasi ya hau inda hannun talaka ba ya kai, sai masu yawo da magani a tire suka cika gari, suna ɗauko shi ta bakin iyaka a Ɗan Issa, kafso ja da rawaya da fari a jere kamar alawa. Da bazara Ilu ya yi zazzaɓi mai ciwon ciki, wani abokinsa ya nuna masa wani farin kafso, ya sha ya ji sauƙi. Shi ke nan ya samu aboki. Kai ya sara, kafso. Gaɓa ta yi nauyi, kafso. A aljihu ɗaya yake zuba shi da goro. Babu wanda ya hana shi, don rabin samarin garin haka suke yi, kuma yawancinsu ba abin da ya same su.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka shiga noman fari. Ilu da ya saba barin mu a baya sai ya riƙa tsayawa yana dafe da hauya, yana haki kamar wanda ya hau tudu da kaya. Na yi masa tsiya son raina, na ce auta ya fara tsufa tun bai yi aure ba. Ya yi dariya, na ga jini a dasashinsa, na ɗauka asuwaki ne. Abin da ya tsayar da ni aski ne. Wata safiya a zaure ina yi masa ƙwal, tsinin aska ya ɗan taɓa bayan kunnensa, irin taɓin da kan faru kullum, ka danna da yatsa ka wuce. Na danna na ɗaga, jini na zuwa. Na sa toka, ya ratso tokar. Na ɗora auduga, ya jiƙa ta. Kuma jinin ba shi da kauri, tsararo kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Na gama askin, na wanke aska, na share zaure, har lokacin yana ɗiga a wuyan rigarsa. Da ya tuɓe rigar sai na ga bayansa da damatsansa duk tabo, baƙi-baƙi shuɗi-shuɗi, kamar wanda aka lakaɗa wa duka, alhali ba wanda ya taɓa shi.

Baba ya fito ya duba, ya latsa tabo ɗaya da babban yatsa. Fuskarsa ma sai ta ɗan saki, irin ta wanda ya gane baƙonsa.

"Mataccen jini na. Ga shi ya taso da kanshi shina biɗar ƙohwa. Jibi da sahe in kahwa mishi huɗu, shi huta."

Na ce masa 'yar taɓawar aska ta ƙi tsayawa tun hantsi, ina ga tsagar ƙaho huɗu. Ya ce ai shi ya sa, jinin da ya lalace ne ba ya kamawa, in an janye shi mai kyau zai biyo baya. Maganarsa ta hau kan karatunmu daram, ban sami inda zan kama ta ba. Amma yatsana ne ya danna wurin nan, kuma yatsana bai yarda ba. Washegari na ce za mu duba gona, na bi da Ilu ta gidan likitan garinmu. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ja fatar idonsa ƙasa, ya ga cikinta fari fat. Bai ko zaunar da mu ba, ya ce Maradi, kuma yau.

A babban asibitin Maradi aka fara da ƙara masa jini, nawa aka ɗiba don ya dace da nasa. Ni da na yi shekaru ina fitar da jinin mutane ina binnewa, ran nan na ga nawa a rataye cikin leda yana gangarawa cikin wani. Kafin la'asar leɓen Ilu ya yi ja, ya fara zolayar masu jinya. Na ɗauka an gama, na fara naɗe tabarma. Likitan da ke duba shi, wani Bazabarme dogo mai Hausa a karkace, ya ce in mayar in shimfiɗa, don wannan jinin aro ne, zai ƙare, abin tambaya shi ne me ya hana Ilu yin nasa. Ya ce sai ya duba ɓargo. Na ce ɓargo dai da muke buga ƙashi a bakin akushi mu zuƙe? Ya ce shi. Aka kwantar da Ilu, aka yi masa allurar kashe zafi a tsakiyar ƙirji, likita ya murza wata allura mai kauri cikin ƙashin ya zuƙo ɗan abu ja da bai cika cokali ba. Ilu ya ce ji ya yi kamar an ja ransa ta ƙirji, sannan ya tambayi likita ko shi ma ɗan wanzamai ne irinmu, don zuƙar nan tasa ta gado ce.

Jin cewa mu wanzamai ne ya sa likitan ya canja fuska. Da sakamako ya fito bai tsaya gaya mini a baranda ba, ya ja ni har ɗakin awo ya ce in sa ido a madubin nan nasu mai girmama ƙananan abubuwa. Ya fara sa mini ɗan gilashi mai ɓargon wani lafiyayye. Na ga abu cunkushe, ƙwayoyi manya da ƙanana, shuɗi da ja-ja, ba masaka tsinke. Ya cire ya sa na Ilu. Sai farin fili, ramuka-ramuka na kitse, wasu zare-zare a tsakaninsu, da 'yan ƙwayoyi jefi-jefi. Ban buƙaci boko ba kafin in gane wanne ne kango.

Ya ce jini ba a hanta ake yin sa ba kamar yadda muka ɗauka. A cikin ƙashi ake haifarsa, ƙirji da ƙugu da ƙashin baya, kullum, tun daga haihuwa har mutuwa. Akwai ƙwayoyi iyaye, su ke haifar jajaye masu ɗaukar ƙarfi, da farare masu faɗa da cuta, da wasu 'yan mitsi-mitsi masu toshe rauni. Rashin na ƙarshen nan ne ya hana yankan askata tsayawa, shi ne kuma ya sa jini ke tsiyaya ƙarƙashin fata ya yi tabon da Baba ya gani. Amma iyayen ba sa iya zama su kaɗai. Sai ya tambaye ni daga ina muke, na ce Madarumfa. Ya ce to ai na san kifi.

"'Ya'yan kifi in suna ƙanana, ina suke zama? Tsakiyar ruwa?"

Na ce a'a, cikin ciyawar gefe da saiwoyi, nan suke laɓewa, nan suke ci.

"Ciyawar nan, ita ma kifi ce?"

Na ce a'a.

"In aka nome ta duka fa?"

Na ce baɗi masunta za su yi kuka.

Ya ce to zare-zaren nan da na gani su ma ƙwayoyi ne masu rai. Ba sa zama jini har abada, amma su ke riƙe iyayen jini a jikinsu, su ciyar da su, su yi musu ishara da lokacin hayayyafa da lokacin kwanciya a huta, su kuma saki 'ya'yan in sun isa shiga jijiya. In su suka lalace, ko an kawo iyaye daga wani wuri ba za su zauna ba. A iya abin da idonsa ya gani, ciyawar Ilu tana nan, kifin ne ya kusa ƙarewa, kuma farin kafson nan yake zargi, don an san shi da yi wa ɗaiɗaikun mutane haka. Bai yi mini alkawari ba. Ya ce wasu ɓargonsu kan farfaɗo, da yawa ba ya farfaɗowa, kuma aikin da ake yi wa irin wannan a ƙasashen Turawa ko a Yamai babu shi. Abin da ke hannunmu shi ne mu riƙe Ilu da rai, mu ba 'yan iyayen da suka rage lokaci. Shan kafso ya ƙare. In jini ya yi ƙasa a dawo a ƙara. In jiki ya yi zafi ko kaɗan a kawo shi da gudu. Sannan ya kama hannuna na dama, wanda nake riƙe aska da shi.

"Ƙaho ɗaya ya isa ya kashe shi. Ni ba zan iya tsayar da jinin ba, kai ma ba za ka iya ba."

Kafin a sallame mu na bar Ilu da Innarmu, wadda ta biyo mu jinya, na hau mota na dawo in yi wa Baba bayani. Na same shi a zaure yana wasa aska. Na durƙusa na kwashe duk abin da na gani na faɗa masa, har ciyawa da kifi. Ya saurara bai katse ni ba, aska na kai da kawowa a kan dutse. Da na gama ya ce ya ji, kuma shi bai ce likita maƙaryaci ne ba, amma ba a zuba sabon nono a ƙwaryar da ba a wanke ba. Mun ɗora jinin kirki a kan matacce, shi ya sa za a yi ta ƙarawa yana ƙarewa. In kawo masa ɗansa ya wanke ƙwaryar, sannan likita ya zuba abin da ya ga dama. Na san Baba, babu mugunta a ciki. Yana ganin ɗansa na nutsewa, ga igiya a hannunsa, ana ce masa kar ya jefa. Na kuma san in Ilu ya kwana biyu a gidan nan, ranar da na fita kewayen aski zan dawo in tarar da ƙaho a bayansa, kuma Ilu da kansa zai tuɓe rigar, don bai taɓa ce wa Baba a'a ba. Sai na faɗi abin da ɗa ba ya faɗa wa uba.

"Baba, ina kawo shi, amma sai ka yi mini alkawali ba ka taɓa shi da ƙaho."

Askar ta tsaya.

"Ni za ka gitta ma sharaɗi bisa ɗan da na haihwa? Lawali, wa ya koya maka riƙon aska?"

"Kai na, Baba."

"To tashi ka ba ni wuri."

Da aka sallame mu ban kama hanyar gida ba. Uwarku Hajo 'yar Safo ce, ita ta kawo shawarar, har ta riga ta je ta roƙi mahaifinta ɗaki, ga shi Safo ta fi kusa da Maradi. Ku 'yan yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. Namiji ya kwashi ƙanensa marar lafiya ya kai gidan surukai, alhali gidan ubansa na tsaye da rufinsa, daidai yake da ya tsaya a dandali ya ce bai amince da ubansa ba. Ni da ko ruwa ba na iya sha a gaban surukina don kunya, sai ga ni ina sauke kaya daga amalanken jaki a ƙofar gidansa. Tsohon bai tambaye ni komai ba, ya ce ga ɗaki nan, Allah ya ba da lafiya.

Amsar Baba ba ta daɗe ba. Bai yi faɗa ba, bai aiko ba. Ya dai zaga gidajen da ya sakar mini ɗaya bayan ɗaya ya ce daga yau shi zai riƙa zuwa da kansa. Na je askin suna wani gida da na yi shekaru ina yi wa aiki, na tarar an riga an aske jaririn. Maigidan ya kasa haɗa ido da ni, ya miƙo mini goro kamar baƙo. Na karɓa, na yi addu'a, na fito. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, har yau in na tuna ina ji. Na mayar da askata kube, na shiga taya wani kawun Hajo aikin lambu don a samu na cefane. Lambun bakin tafki da kuka taso a cikinsa, tushensa ke nan.

Jinyar kuwa uwarku ce ta yi ta, ni ɗan kai da kawowa ne. Ita ke tafasa ruwan shansa, ta dama masa kunu mai laushi, ta ƙwace asuwakinsa ta ba shi tsumma mai taushi, ta ɗaura masa sange saboda sauro. Abin da ya fi jawo mata baƙin jini shi ne hana 'yan dubiya. Likita ya ce Ilu ba shi da isassun masu faɗa da cuta, tarin wani ma zai iya kwantar da shi. Sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki ta zauna da saƙar faifai, duk wanda ya zo ya yi sannu daga nan ya juya. Matan Safo suka ce ta mai da marar lafiya amarya. Ilu daga ciki ya laƙaba mata suna Duwan, wato kwastan, wai ko a Ɗan Issa ba a tsare hanya haka.

Inna takan zo ranar kasuwa da sunan sayen daddawa, ita kaɗai Duwan ke bari ta wuce, bayan ta wanke hannu. Baba ya san inda take zuwa, don ba mai barin Madarumfa ya je Safo neman daddawa, amma bai taɓa tambaya ba. Ita kuma in ta koma sai ta tsaya a tsakar gida tana watsa wa kaji tsaba tana ba su labarin jikin Ilu da ƙarfi, daidai yadda za a ji daga zaure. Wata rana na raka ta bakin hanya, ta tsaya ta gyara lulluɓi.

"Kai da ubanka kuna ja, ni ce igiyar. In yaron ga ya mutu a Safo, Lawali, ba ka da gida."

Na ce mata na sani.

Jinin aro ya riƙa ƙarewa kamar yadda aka faɗa. Ilu ya yi ja, ya yi surutu, sannan ya dushe, a koma Maradi. Ni aka ce in dakata jikina ya mayar da jinin da aka ɗiba, sai 'yan'uwan Hajo da abokan Ilu suka riƙa miƙa hannu, wanda nasa ya dace a ɗiba. Tsakiyar damina zazzaɓi ya kama shi, haɓo ya ɓalle, muka kai shi yana sambatu, ya yi kwanaki ba ya gane mu. A barandar asibitin nan na zauna ina juya maganar Baba ta ƙwarya da nono, kuma a ranakun nan ta yi mini kama da gaskiya. In Ilu ya tafi, gari duka zai ce na hana uba ceton ɗansa, ni kuma ba ni da abin nunawa sai ɗan gilashin da ni kaɗai na leƙa. Allah dai ya yi da sauran kwana, ya tashi.

Sauƙin bai zo da ganga ba. Gero ya fara fitar da kai muka lura tsakanin ƙarin jini da ƙarin jini ya fara nisa. Tsofaffin tabo suka koɗe, sababbi suka ragu. Da kaka ya saci idon Duwan ya fita inda ake ɗaurin damma, karan gero ya karce masa ƙwauri. Hajo ta ɗora hannu a ka. Ni na durƙusa na zuba wa wurin ido. Jinin ya taru, ya yi duhu, ya tsaya. Likita ya sake huda ƙirji, ya sake kira na ga madubi. Filin bai cika ba, amma a jikin zare-zaren nan ga ƙwayoyi sun taru gungu-gungu. Ya ce kifi ya fara dawowa, mu ƙara haƙuri. Sai da sanyi ya wuce ya ce muna iya komawa gida.

Baba ya dubi Ilu daga sama har ƙasa ya ce masa sannu da zuwa. Ni na gaishe shi ya amsa kamar yadda ake amsa wa mai wucewa. Ilu yana tafiya da ƙafarsa, amma a rame yake, kuma yana saurin gajiya. Da bazara ta kewayo, lokacin da manoma ke zuwa ƙaho kafin shuka, Baba ya sa Inna ta gaya wa Ilu ya shirya, akwai ragowar da likita bai kwashe ba. Na kai Ilu Maradi na gaya wa likita. Ya yi tsaki, ya auna jinin, ya ce amfani dai babu, amma yanzu jinin na kamawa, in tsagar ba ta yi zurfi ba kuma da sabuwar reza aka yi, ba za ta kashe shi ba, sauran tsakanina da ubana ne. Na sayi reza a hanya. Na ajiye ta kusa da zabira, Baba ya ɗauka.

Da safe aka yi, zaure cike da masu jiran nasu. Ilu ya tuɓe riga ya zauna. Na ɗauki kasko da toka na tsuguna inda mai koyo ke tsugunawa, ba wanda ya kira ni, ba wanda ya kore ni. Baba da ke kafa wa ƙato shida, biyu ya kafa. Tsagar da ya yi kuwa, da ni na yi ta lokacin ina koyo da ya ce wasa nake. Ya zuƙa, ya toshe, ya jira, ya cire, ya juye ɗan abin da ya fito a kasko. Ya goge wurin ya tsaya yana kallon tsagar fiye da yadda ya saba, har ta bushe. Mutanen zaure suka yi ta barka. Wani ya ce ga baƙin ciwon nan ya fito, wani ya ce da tun bara aka yi haka da ba a sha wahalar Maradi ba. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba.

A al'adarmu jinin ƙaho ba a zubar da shi a fili, binne shi ake yi. Na ɗauki kaskon na zaga bayan gida na fara tona rami, sai na ji takunsa. Baba bai taɓa bin kasko ba, don ba aikin maigida ba ne. Ya tsuguna, ya ɗauki tsinke ya tura gudan jinin, ya juya shi. Gudan ya mirgina cikin toka bai fashe ba. Ya daɗe yana kallo.

"Ya kama. Na bara ba shi kamawa hakanga. Da na kahwa mishi bara, da Ilu munka bizne, ba wanga ba."

Ya jefar da tsinken, ya miƙe, ya koma zaure wurin masu jira. Na rufe ramin.

Na yi zaton zai maimaita ta a gaban mutane, ko ya ce in koma gidajena. Na jira. Ilu ya ci gaba da murmurewa kamar yadda dama ya faro, gari ya ce ƙaho ne. Baba ya samu mutuncinsa da na zubar a Safo, ni kuma na ga in na buɗe baki zan sake zubar da shi. Da ƙarfinsa ya ƙare ya tara dangi ya miƙa wa Ilu zabira ina zaune. Ilu ya dube ni, na gyaɗa masa kai, ya karɓa. Bayan rasuwar Baba ga Inna da ba ta son a tayar da tsohon zance, bayan Inna ga Ilu da ke ci da sunan ƙahon nan, har shirun ya zame mini jiki.

Kafin in fara wannan rubutun na je na sami Ilu a zauren, don ba na son ya ji ta a bakin wani. Na gaya masa abin da Baba ya faɗa a bakin rami. Ya ajiye askar da ke hannunsa. Can ya ce shi ma yana da tasa ajiyar. Ranar da aka ba shi zabira, bayan dangi sun watse, Baba ya kira shi ya ce in ya ga baƙin tabo a jikin mai farin ido, ya ajiye ƙaho, ya aika shi wurin Lawali, shi ya san wannan ciwon. Kun sha ganin babanku Ilu yana jan fatar idon mutum ƙasa kafin ya kafa masa ƙaho, wani ma sai Ilu ya ce masa ya mai da rigarsa, kuna ɗauka tsiyarsa ce ta kullum. Ni ma ban san daga Baba ta fito ba sai ranar. Na tambaye shi me ya sa bai taɓa aiko mini ko mutum ɗaya ba.

"In aiko maka mi, Yaya, kana cikin albasa? Maradi nike tura su."

Na yi dariya, na fito, a hanya na ji idona ya cika. Yarinyar maƙwabcin nan kuwa, ku je ku gaya wa ubanta ya ja fatar idonta ya duba, sannan ya nemi motar Maradi.